Jingar da Ta Tsaya a Gonar Dogo

Zuwa ga ƙanena Dogo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Ya aiki, ya zaman garin mutane? Ya ƙafar nan taka da ka ce tana kumbura in ka daɗe a tsaye? Ni dai da sauƙi, sai gwiwar da ka sani, da kunnen hagu da ya kusa yin sallama da ni. Kada ka yi mamakin ganin takarda. Tun da ruwan bara ya kayar da ƙarfen waya na bayan makaranta, sai mutum ya hau tudu yake samun magana, kuma lambarka kullum a kashe. Direban motar kasuwa ya ce ya san shagon da ke bakin layinku, zai ajiye maka a can.

Ka ji labarin ambaliyar bara, amma ba ka ga abin da ta bari ba. Rumbuna ya sha ruwa ta ƙasa, geron ya tsiro a ciki, da hannuna na kwashe shi na watsa wa kaji. Da ƙyar muka ga bayan rani. Gidaje da yawa sau ɗaya suke ɗora tukunya, a wasu gidajen ma yara kawai ake dafa wa.

To, wata ƙungiya ta shigo mana. Duk wata suna raba hatsi da mai ga gidajen da suka fi jigata, har da nawa, kuma sun ce ba za su daina ba sai an yi girbi. Sun ba mu iri mai nuna da wuri, sun ɗora mana rumbuna a kan ginshiƙan siminti masu kai wa ƙugu. Akwai malamar gona a cikinsu, mace mai haƙuri. In ta gama zagaye takan zauna a tabarmata ta sha ruwa mu taɓa hira. Tun da maigidana ya rasu yara suka watse, babu wanda ke daɗewa a gidan nan kamarta.

Babban aikin da suka zo da shi jinga ce. Za su tara ƙasa su yi doguwar jinga a bakin kogi don ta tare mana ruwa. Injiniyansu ya ja igiya ya kafa turaku, layin ya bi ta gonakin bakin ruwa. Ya ci gefen gonata, ya ci ta maƙwabcina mai kamun kifi, sannan ya ratsa tsakiyar gonar babanka, Allah ya jiƙansa, wadda nake noma maka tun tafiyarka. Ita ta fi shiga, domin nan ne kwari, nan ruwa yake fara fasowa.

An tara mu a makaranta, kowa ya faɗi bakinsa. Da aka zo kan fili, ni na ba da nawa. Naka kuwa na ce ba ni da iko da shi sai na ji daga gare ka. Injiniya ya ce ba sa sa katafila a ƙasar mutum sai ya yarda a rubuce, kuma za a wuce da ita wani gari kafin ruwa ya sauka. Don Allah ka aiko da amsa ta hannun direban nan, kada ka ja.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na ji lafiyarki, Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. Ƙafata tana nan yadda take. Wanda yake wuni a kan teburin guga ba ya rabuwa da kumburi. Har yanzu ina ɗakin wanki na asibitin nan, zannuwan gado muke wankewa mu goge daga safe har yamma. Wayata ta faɗa cikin bahon wanki, shi ya sa ba kya samuna.

Takardar ta zo a jiƙe. Mai shago ya ce direban ƙarƙashin kwandon kifi ya sa ta. Na shanya ta a taga na karanta har inda kika rubuta, “Da aka zo kan fili, ni na ba da naka.” Daga nan zuwa ƙasa tawada ta narke, ban iya fitar da komai ba. Ban ma damu ba, abin da na gani ya ishe ni.

Yaya, kakarki da kakana ciki ɗaya suka fito, kuma duk dangin da suka rage ke kaɗai kike tunawa da ni. Shi ya sa na bar gonar a hannunki, ban taɓa tambayar ko kwano ɗaya daga abin da ta bayar ba. Amma ban ba ki ita don ki yi kyauta da ita a taro ba, mutane su yi miki tafi.

Bari in gaya miki yadda nake zaune. Ɗaki ɗaya muke haya da wani mai aikin gidan burodi. In na fita yana shigowa, in na dawo ya tafi. Katifa ɗaya ce, wani lokaci nakan same ta da ɗuminsa. Na fi sanin takalminsa da fuskarsa. Matata ta tafi tun tuni, kin sani, kuma Allah bai ba mu haihuwa ba. A wurin aiki in ana hira lokacin cin abinci, wannan ya ce ginin gidansa ya kai taga, wancan ya ce ’yarsa ta gama makaranta. In aka juyo kaina, abin da nake cewa kawai shi ne ina da gona a bakin kogi, ƙasarta baƙa ce, shinkafa tana kai wa ƙirji. Sai su ce, ashe Dogo mai ƙasa ne. Da wannan maganar nake tashi in koma kan guga.

A gonar nan babana ya faɗi da fartanya a hannu, ni na ɗauko shi. Yanzu kuma ki ce a tara tulin ƙasa a kai.

Ban yarda ba. Ki gaya wa injiniyan, ki nuna masa wannan takarda in ya so. Kada a taɓa mini ko taku ɗaya.

Ƙanenki, Dogo

*

Zuwa ga Dogo,

Ina gaishe ka, ina fata ƙafa ta yi sauƙi. Ni lafiya, na kuma karanta amsarka.

Ƙanena, nawa na rubuta, ba naka ba. Ka san da girmana na koyi rubutu, hannuna kamar kaza ta taka laka, amma Allah ya sani ban ba da gonarka ba. Abin da ruwan kifi ya cinye a takardar shi ne inda na ce ba ni da iko da ita sai ka yi magana. Izininka nake nema.

Na ɓoye takardarka a ƙarƙashin filo, ina tunanin in yi shiru har ka huce. Sai malamar gona ta zo ta tambaye ni ko amsa ta iso. Ban iya yi mata ƙarya ba, na miƙa mata. Ta karanta, sannan ta ce dole ta kai wa injiniya. Shi kuma ya ce da babu amsa ma da sun nemi dattawa su tsaya maka, amma yanzu ga ƙin yardarka a rubuce, hannunsu a ɗaure yake. Ya ce a wani gari an taɓa kai su ƙara kan irin wannan, aikin gaba ɗaya ya tsaya.

Katafila tana aiki, daga tsakar gida ina jin kukanta da kunnen da ya rage. Ta gama da gonata, jingar ta fi tsayin mutum. Tana matsowa wajenka.

Na ji abin da ka faɗa game da zamanka, kuma ya taɓa ni. Ban san haka kake ba, ba ka taɓa faɗa ba. Amma Dogo, bayan gonarka akwai unguwar kwari. Akwai mai kamun kifi da tsohuwarsa da ba ta iya tashi, akwai matan da mazansu suka tafi neman aiki kamar kai suka bar su da yara. In aka bar wurin a buɗe, duk ruwan da jinga ta tare ta nan zai taru ya shigo.

Layi ɗaya ya isa. Ka rubuta ka yarda, ka sa hannu. Hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Ina gaisuwa, ina fata kina lafiya, ke da gwiwa. Ni zazzaɓi ya kwantar da ni kwanakin baya, amma na tashi.

Na je shago na tambaya, aka ce babu takarda. Na gane kin yi fushi. To, kina da haƙƙi, na san bakina ya yi zafi.

Mai gidan da muke haya ya sayar da shi, aka ba mu mako mu kwashe. Mai burodi ya tafi wajen ’yan uwansa, ko sallama ba mu yi ba, makulli kawai ya bar mini a kan taga. Ni na samu wani ɗaki a can ƙarshen gari, bayan tashar manyan motoci, kusa da mai walda. Nesa ne da tsohon layin, sai an hau mota biyu, shi ya sa ban koma shagon ba. In za ki rubuto, ki ce direba ya ba mai waldan.

Ɗakin babu taga, sai wata ’yar kafa a sama. Da na kwanta zazzaɓi babu wanda ya san ina ciki. Da rana tsaka ina jin mutane suna wucewa ta bakin ƙofa suna dariya, ina son ruwa, jarka tana can lungu, na kasa kai wa gare ta. Na yi ta tunanin in na mutu a nan, wari ne zai sanar da su. A lokacin ba asibiti na tuna ba, gida na tuna. Na tuna yadda kike goya ni ki tsallaka da ni rafi in za mu kai wa su Baba ruwa, kina cewa ƙafafuna sun yi tsawo suna ja miki ƙasa.

Yaya, da tambayata kika yi, wataƙila da na yi kwana biyu ina gunaguni sannan in ce a yi. Abin da ya ƙona ni shi ne a yanke ba da ni ba, kamar na riga na mutu. Maganata tana nan yadda na faɗa har sai na ji daga gare ki. Ki ce wani abu, ko zagi ne.

An fara ruwa a nan. Can fa?

Dogo

*

Zuwa ga Dogo,

Ina gaishe ka. Sannu da jiki, Allah ya ƙara lafiya. Takardarka ta zazzaɓi sai jiya ta iso, malamar gona ce ta kawo ta cikin kwalekwale, domin hanya ta yanke tun farkon damina. Na rubuta maka har sau uku, duk suna can tsohon shagon. Ban yi fushi ba. Ina ma fushin na yi.

Daga makaranta nake rubuta wannan, a kan bencin yara. Bari in faɗa maka a jere.

Katafila ta zo bakin gonarka ta tsaya. Injiniya ya riƙe ta iya yadda zai iya, kullum yana aiko a tambaye ni. Daga baya aka tsallake gonar aka ci gaba daga ɗaya gefen, aka gama, aka tafi da ita. Giɓin da ya rage sai aka jera buhunan yashi a kan iyaka. Ni ma na cika buhu har tafin hannuna ya fashe, amma babu wanda ya tsaya kusa da ni. Daga ranar gari ya juya mini baya. In na je rijiya hira takan mutu. Ranar rabon hatsi na tsaya a layi, gabana fili, bayana fili. Wasu sun ce da na ƙona takardarka na ce ba ta zo ba, da an wuce wurin. Wataƙila gaskiyarsu ne.

Ruwan ya zo da hantsi, rana tana haske, ba a ma yi ruwan sama a garinmu ranar ba, daga sama kogin ya kawo shi. Jinga ta riƙe ko’ina. Buhunan nan ne suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, sai wurin ya buɗe gaba ɗaya. Kafin azahar unguwar kwari ta zama tafki. Gidan mai kamun kifi ya zauna. A kan ƙyauren ɗaki aka fito da tsohuwarsa, tana ta tambaya ina za a kai ta. Masara da shinkafar kwari duk sun tafi. Awakina biyu ban gan su ba.

Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi. Rumbunan da aka ɗaga sun tsaya, ruwa ya wuce ta ƙarƙashinsu. Irin nan mai nuna da wuri, wanda aka shuka a tudu, an riga an yanke shi. Ƙungiya tana dafa abinci a harabar makaranta. Ba za a yi yunwar bara ba, amma mutanen kwari sun koma hannun karɓa bayan sun kusa tsayawa da ƙafarsu.

A ajin da muke kwana, tabarmata tana lungu ita kaɗai. Da aka kawo takardarka, matar mai kamun kifi ta gan ta a hannuna. Ta zo ta tsaya a kaina da jariri a baya, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “In za ki ba shi amsa, ki ce masa gonarsa tana nan, babu wanda ya taɓa. Mun tsare masa ita.”

Ga shi na faɗa maka.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Ina gaishe ki. Ban san yadda zan tambayi lafiyarki ba bayan abin da na karanta.

Da mai walda ya ba ni takardarki, ban je aiki ba, na hau mota na tafi tsohon layi. Mai shago ya lalubo sauran a bayan katan ɗin sabulu, ya ce ya ɗauka na bar garin. A bakin kwata na zauna na karanta su. Washegari na tafi da takardarki ta farko wurin aiki, na shimfiɗa ta a teburi na bi ta da dutsen guga a hankali har ta miƙe, na ɗaga ta a hasken taga. Nawa ne. Ko yaro zai gani. Ruwa ya ɗan ja wutsiyar harafin ne, ni kuma na ƙarasa da abin da ke raina.

Ga wata takarda daban a ciki, na rubuta na yarda, na sa hannu, shugaban ɗakin wanki ya yi shaida. Su ɗauki duk abin da jinga take so, in duka gonar ce su ɗauka. Na san ta zo bayan ruwa ya gama aikinsa.

Ki gaya wa mai kamun kifi da matarsa saƙonsu ya iso. Ba ni da abin da zan ce musu wanda zai tayar da bango.

Ke kuma, kin tsaya a kan maganata alhali maganar banza ce, kika sha kunyar da ni ya kamata in sha. Ina tunanin tabarmar nan taki a lungu. Ni na saba da zama ni kaɗai a cikin baƙi, amma ke cikin mutanen da kuka girma tare ne.

Jiya da ake hira wajen cin abinci wani ya ce, mai ƙasa, bana ya shinkafa? Na ce masa ruwa ya ci. Na tashi na koma kan guga.

An ce za a ba ni hutu in sanyi ya shigo. Ina so in zo, kuma ina tsoro. Ki faɗa mini gaskiya, in zuwana zai ƙara miki nauyi, sai in zauna.

Ƙanenki, Dogo

*

Zuwa ga ƙanena Dogo,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, ƙafa kuma ta bar ka ka yi barci. Ni na koma gida. Bangon baya ya tsage amma ɗakuna suna tsaye. Ciwon gwiwa ya ƙaru, dalilin kuwa za ka ji.

Na kai takardarka da kaina. Injiniya ya ce katafila ba za ta dawo bana ba, tana da garuruwa a gabanta. Sai malamar gona ta kawo shawara a rufe giɓin da hannu, ƙungiya ta riƙa ba duk wanda ya yi aiki hatsi. Haka aka yi. Da ruwa ya janye, maza suna haƙa, mata muna ɗauka a kwano, ana zubawa ana daɓewa. Wannan ya taimaki mutanen kwari ƙwarai, domin sun fi son su ci guminsu da su tsaya a layi. Yanzu jinga ta haɗe daga farko har ƙarshe, an dasa ciyawa a jikinta don kada ta zaizaye.

Gonarka ba sauran da yawa. Jinga ta ci tsakiya, ramin da aka ɗebi ƙasa ya ci gefen kogi. Abin da ya rage wani siririn fili ne ta ciki, bai fi a yi kunyoyin shuka kaɗan ba. Na zuba albasa a wurin.

Akwai abin da gara ka ji daga bakina. Tun ranar ambaliya mutane suke ce wa wurin ƙofar Dogo. Da zagi aka fara. Yanzu an rufe, sunan bai tafi ba. Yara suna cewa mu haɗu a ƙofar Dogo, masu wanki ma haka, yawancinsu ba su san waye Dogon ba.

Ka ce in faɗa maka gaskiya. Wasu ba za su amsa sallamarka ba. Matar mai kamun kifi har yau ba ta yi mini magana, ko da yake ranar da kwano ya fi ƙarfina ita ta ɗora mini a kai, ba ta dube ni ba ta wuce. Tsohuwarsu ta rasu bayan mun bar makaranta. An ce tsufa ne, ban sani ba.

Shi mai kamun kifin yana sake gini, shi kaɗai da ɗan’uwansa, bango ya kai kafaɗa. Na same shi yana kwaɓa ƙasa na gaya masa saƙonka, na ce kana tambaya ko ka zo. Ya ci gaba da taka ƙasar. Can ya ce, “Har yanzu yana da tsawon nan nasa?” Na ce sai dai in ya ƙaru. Ya ce, “To ya zo. Ba mu da mai miƙa itacen rufi.”

Na share ɗakin maigidana, na shanya katifar. Kada ka tsaya sayen tsaraba, ka zo da tsofaffin kayan da ba ka jin tausayinsu. Tsohuwar hanya ta lalace, mota ba ta shigowa gari. Ka ce direba ya sauke ka a gada, ka hau kan jinga ka miƙe, kogi yana hannunka na dama. Za ka wuce ta kan gonarka. In ka ga albasa, ka sauko.

Yayarka